Ransford, Wanda Ya Kashe Doguwar Mama

Idan ka ga ƙanena Ransford yanzu a bakin titin Negril, da farar rigarsa da haƙorin zinariya, yana jan zugar Turawa zuwa gonarsa, sai ka rantse mutumin kirki ne. Yakan tsayar da su gaban wata shukar wiwi da ba ta wuce ƙugunsa ba, ya dafa ƙirji, ya ce wannan irin mahaifiyarsa ne, Mis Pearline, wadda duk yammacin Jamaika aka san hannunta. An ce har ƙwalla yake kawowa. Turawan su shinshina, su ɗauki hoto, su yi ta gyaɗa kai. Ni Icilda, da muka fito ciki ɗaya da shi, na ce ƙarya yake yi. Irin mahaifiyarmu ya mutu shekara goma sha huɗu ke nan, kuma ba fari ne ya kashe shi ba, ba jirgin saman 'yan sanda ba ne.

Shi ne autanmu, namiji ɗaya bayan mata huɗu, ya zo bayan Mama ta fid da rai. Babanmu ya rasu Ransford yana goye, don haka ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Mu mata mu ɗebo ruwa daga gangare, mu nemo itace, shi kuwa yana zaune a ƙofar kicin yana jiran a ɓare masa ayaba. Halinsa ɗaya ne tun yana yawo ba wando: ba ya iya jira. In aka binne doya, bayan kwana uku za ka same shi yana tonowa ya ga ko ta yi. Akwai bishiyar aki a bayan kicin ɗinmu, kuma ko yaron goye a tudunmu ya san ba a taɓa 'ya'yan aki sai sun buɗe baki da kansu, don wanda aka ɓare da ƙarfi guba ne. Yana shekara tara ya hau ya tsinko ɗanyu, ya farke su da wuƙa, ya zuba a kwandon da zan dafa wa gida. Allah ya taimaka na ga sawun wuƙar. Da na kai ƙara, Mama ta ce, "Ai yaro ne, Icy." Wannan magana na ji ta ya fi sau dubu. Har ya yi gemu yana yaro.

Mama ba ta taɓa sa hayaƙi a bakinta ba. Mace ce ta coci, mai farar hula ranar Lahadi. Amma irin ganyen da duk tudunmu ke shukawa a hannunta yake, kamar yadda ya kasance a hannun kakarmu. Doguwa muke ce mata. Takan wuce tsawon mutum ya ɗaga adda, ganyenta sirara, kuma wata tara take yi a ƙasa kamar ɗan mutum a ciki. Kanta a sake yake, iska na ratsa shi, shi ya sa ruwan Oktoba bai taɓa ruɓar da ita ba. Ƙamshinta na lemun tsami ne da ɗan yaji-yaji. Maza su sha da safe su kama fartanya har rana ta take, ido a buɗe, baki na zuba labari. Masunta su jiƙa ta a giyar rake, wai tana wanke musu ido. Mama kuwa shayinta take sha, ganye kaɗan a ruwan zafi da citta, saboda asmar da ta kama ta tun tana budurwa, kuma ta rantse ba abin da ke buɗe mata ƙirji kamarsa.

Ƙwayar Doguwa ba ta jure zafinmu. In ta yi shekara biyu a ajiye, rabinta ya mutu. Dole a sabunta ta duk shekara, kuma wannan ne aikin Mama. Macen shukar ake so a gona, don da zarar ƙurar furen namiji ta sauka mata, sai ta bar yin danƙo ta koma yin 'ya'ya. Shi ya sa duk watan Agusta ake gayyar cire maza. Mas Egbert, dattijon da ke maƙwabtaka da mu, shi ke gaba da addarsa, sauran na bin sa gona gona, duk namijin da aka gani a tumɓuke shi. Ba a hana gayya shiga gonar kowa, ko da kuna gaba da juna. Wuri ɗaya tak ake barin namiji ya tsaya, wato kwarin da ke bayan gidanmu, inda iska ke sauka amma ba ta fita. Can Mama ke zaɓen mazanta biyu da matanta goma sha biyu. Bayan Kirsimeti ta sussuka, ta cika gwangwanin biskit ɗinta mai hoton jirgin ruwa, kowane gida ya zo ya karɓi tafi guda. A ranar ce kuma take watsa wa kaji ragowar tsohon iri, don a wurinta tsoho da sabo ba sa kwana gwangwani ɗaya.

Ransford bai taɓa riƙe fartanya har ta yi masa kanta ba. Ya gwada tuƙin tasi, ya jefa ta a rami. Ya gwada sayar da kwakwa a bakin teku, ya ce rana ta yi masa yawa. Sai sunansa ya fito cikin masu zuwa tsinkar tuffa a Kanada, ya yi kaka shida yana zuwa yana dawowa. A ta shidan ya dawo da haƙorin nan, da takalmin ƙanƙara da yake sawa cikin zafinmu, da wani ɗan ƙulli a cikin safa. Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci muna cin shinkafa da wake da madarar kwakwa, ya kwance ƙullin a kan tebur.

"Mama, kin ga wannan? Ƙarshen wahala ke nan."

Mama ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza a yatsa. Ta ce, "'Yar wane ce?"

"Ruwa biyu ce. An haɗa ta dutsen Afganistan da ta Kolombiya, aka sake haɗa 'ya'yan. Masu ilimi suka yi, Mama, a ɗaki, da farar riga. Wata uku kacal an girbe. Iyakarta gwiwa, jirgin 'yan sanda ya yi ta shawagi har mansa ya ƙare. Kuma duk mata ne, babu namiji ko ɗaya."

Na ce, "Duk mata? To da wa uwarsu ta kwana, Ranny?"

"Icy, abinci muke ci," in ji Mama.

Ya dube ni ya yi murmushin da zai nuna haƙorin. "Yaya Icy, ke dai ci shinkafarki. Abin da ya fi ƙarfin kan mutum sai ya bar wa masu kai."

"Masu kai su ne masu sa takalmin ƙanƙara a zafin nan namu na Westmoreland?"

Filin da ya zaɓa shi ne ɗan tsirin da ke daidai saman kwarin Mama. Na ce ko ina ya shuka amma ban da nan. Na faɗa a hankali, na faɗa da ƙarfi, na faɗa ina buga tebur. Mama ta ce ƙasar ubansa ce, kuma ai ya ce babu namiji. Na tashi na bar shinkafata ko rabi ban ci ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, shukar ta yi abin da ya ce. Gajera ce mai ƙiba, ganyenta faffaɗa, kanta a dunƙule tamau, in ka taɓa yatsunka su manne. Warinta na ruɓaɓɓen mangwaro ne da man gas, har cikin coci muke jin sa in iska ta juyo. 'Yar Kanada aka sa mata suna. Bai sake neman ƙwaya ba ma. Ya ware guda ɗaya a tsohon akurkin kaji, ya kunna mata ƙwan lantarki kamar ɗan tsako don kada ta yi fure, yana yankar rassanta yana dasawa, su yi saiwa su zama sabbin shuka. Ban taɓa ganin abu marar albarka irin wannan ba, shukar da ba ta da uba, kuma ba ta san rana ta faɗi ba.

Wanda ya fara ɗanɗanawa Hopeton ne, masunci, mutumin da ya yi shekara talatin yana shan Doguwa kafin ya tura kwalekwale. Ya ja sau uku da safe ya shiga jirginsa. Da tsakar rana matarsa ta same shi zaune a ciki, jirgin na kan yashi, ya riƙe igiya gam yana jiran kifi. Mas Egbert ma ya gwada, ya kwana ya wuni bai san inda ya ajiye addarsa ba. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Doguwa cewa take tashi mu je. Wannan kuwa cewa take zauna, ba inda za ka." Amma masu saye daga Negril ita suke so. Kafin shekara Ransford ya sayi babur, samarin tudu suka koma ce masa Farfesa, shi da bai gama firamare ba sai da roƙo.

Shekara ta biyu ya cika tsirin kaf. Ranar gayya ya tare bakin shinge ya harɗe hannu.

"Mas Egbert, ku huta da ƙafarku. Gonata ba namiji."

"Ɗana, ni ma ban ce akwai ba. Amma tun kafin a haifi ubanka ake shiga kowace gona. Matsa."

"Wannan ba irin shukarku ba ce ta jahilci."

"To bari jahilai su gani da idonsu."

Suka shiga, mutum goma sha biyar, suna sunkuyawa suna ƙorafin ciwon baya. Suka duba kamar yadda suka saba dubawa tun suna yara. Namiji a wurinmu shuka ce guda, daga nesa kake gane shi da tsayinsa da 'yan ƙwallayen da ke reto a gaɓoɓinsa. Ba su ga ko ɗaya ba. Ba wanda ya buɗa cikin kan mace ya leƙa, don me za ka nema a can? Mas Egbert ya fito yana kaɗe gwiwa, ya ce gaskiyar yaron ce, suka wuce gona ta gaba.

Satumba ta zo da wani irin zafi, sannan ruwa ya kece kwana biyar ba tsayawa. Wata safiya na hau tsirin neman akuyata da ta tsinke igiya, sai na tarar da Ransford tsugune cikin shukarsa yana tsinkar wani abu da farce yana zubawa a aljihu. Yatsunsa sun yi rawaya. Na fizgo kan shuka ɗaya na buɗa. A can ciki, tsakanin gashin macen, ga wasu 'yan abubuwa rawaya kamar ƙananan ayaba. Na taɓa ɗaya, ƙura ta tashi. Na ɗaga kai na dubi ƙasa, ga matan Mama goma sha biyu a cikin kwari, sun fito da farin gashinsu, iska kuma tana gangarawa.

"Tun yaushe?"

"Yaya Icy, takan yi haka in ta sha wahala. Ba wani abu ba ne, ina cirewa."

"Na ce tun yaushe?"

"Sati biyu."

"Ɗauko adda. Yanzun nan."

"Saura kwana goma in girbe! Kwana goma, Yaya. Kin san abin da ke tsaye a filin nan?"

"Na san abin da ke tsaye a kwarin can. In ba za ka sare ba, zan kira Mas Egbert."

Ya miƙe ya share yatsunsa a wando. Ya ce, "Kira shi. In ta kama, ai ta riga ta kama, sara ba zai dawo da komai ba. In ba ta kama ba, kin tada wa tsohuwa asma a banza. Je ki gaya mata ɗanta ya ɓata irin uwarta, ki tsaya ki ga yadda numfashinta zai yi. Ke za ki binne ta, ba ni ba."

Na ja akuyata na sauko. Ban kira kowa ba. Na gaya wa kaina wataƙila iska ta bi wani wajen, wataƙila mazan Mama sun riga shi. Na san za a ce ni ma da nawa laifin, to a ce. Amma wanda ya ga wuta a hannunsa sati biyu ya rufe ta da riga, da wanda ya ga hayaƙi ya tsorata, ba ɗaya ba ne.

Bayan Kirsimeti Mama ta sussuke irinta. Ya yi yawa fiye da kowace shekara, har tana ta godiya ga Ubangiji. Mutane suka cika tsakar gida da 'yan ƙyallayensu. Ta zazzage ragowar tsohon irin a tasa, ta cika gwangwanin da sabo, sannan ta ce, "Ranny, kira min kajin nan." Na dube shi. Ya dube ni. A cikin tasar nan ne Doguwa ta gaskiya ta rage a duniya, kuma mu biyu kaɗai muka san haka. Kalma ɗaya ta isa. Na buɗe baki, sai na ga Mama tana dariya da matar fasto, ƙirjinta na tashi yana sauka lafiya lau, na mayar na rufe. Shi kuwa ko gezau. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, kaji suka sheƙo daga ko'ina, Mama ta watsa. Abin da na iya kawai, na taka inda ƙwayar ta fi zuba, na tsaya a kai ban motsa ba har kowa ya watse. Da na ɗaga ƙafa na tsinci guda goma sha ɗaya a cikin ƙasa.

Watan Afrilu kowa ya shuka abin da ya karɓa. Ni kuwa na ƙulle tawa a bakin zane, na hau bas biyu zuwa ƙauyen dangin marigayi mijina a duwatsun Hanover, inda ba mai shuka komai sai doya. Na binne su a bayan gidan ƙanwarsa, na ce mata ta sa ido. Biyar suka tsiro, katantanwa ta ci ɗaya.

A tudunmu kuwa kafin Yuli asiri ya fara tonuwa. Shuka ta fito ba kan gado, wata mai faffaɗan ganye, wata mai siriri, wata ta tsaya a ƙugu ta fara fure tun lokaci bai yi ba, duk da warin man gas ɗin nan. Har a kwarin Mama haka ta fito. Da ruwa ya sauko, dunƙulallen kan ya riƙe danshi, fumfuna ta ci rabin tudun. Ba wanda ya kawo Ransford a ransa, ai gayya ta shiga gonarsa da idonta. Sai aka koma kan Mama. Aka ce Mis Pearline ta tsufa, ido ya tafi, ta haɗa iri. Mata na ganinta a coci su yi ƙasa da murya. Ta ɗauki sandarta ta bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, tana shafa ganyen tana shinshinawa, ta dawo gida ta zauna a kujerarta. Ta ce, "Uwata ta ba ni amana, Icy, na kashe ta da hannuna." Ransford na tsaye a wurin yana goge baburinsa. Ya ce, "Kada ki damu, Mama, kowa na kuskure."

Na dafa mata shayi da sabon ganyen, don tsohon ya ƙare. Ta sha rabin kofi, zuciyarta ta kama bugawa, ta riƙe gefen gado tana cewa ɗaki na juyawa, sannan ta yi barcin da ya ba ni tsoro. Ba ta sake karɓa ba. Daga nan ƙirjin ya fara cin ta a hankali, maganin asibiti na yin nasa, amma ita ta riga ta saki jiki.

Duk sati biyu ina hawa Hanover. Shukata huɗu suka miƙe, sirara, dogaye, in na murza ganyen sai in ji lemun tsami har hawaye su zo min. Namiji ɗaya kawai nake roƙon Allah. Agusta ta yi suka nuna kansu, duk huɗun mata. Na zauna a ƙasa na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Na shiga yawon neman namiji, na je St. Ann, na je St. Elizabeth. Wasu suka ce ba su san zancen ba, don wa zai nuna wa baƙuwar mace gonarsa? Waɗanda suka nuna min kuwa, tun daga bakin shinge nake jin warin 'Yar Kanada ko 'yar'uwarta. Ashe ba ƙanena kaɗai ya je tsinkar tuffa ba.

Ƙanwar mijina ba ta iya riƙe magana, don haka wata rana ina cire ciyawa a gindin shukokin nan nawa na ji ƙarar babur. Ransford ya zagayo bayan gida, ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallonsu. Na ga ya cire hularsa.

"Yaya Icy. Ashe kin tsira da ita."

"Fita."

"Ji mana. Babu namiji, ko? Ba sai da namiji ba. Ki ba ni reshe ɗaya, ɗaya tak. Zan sa shi a ƙarƙashin fitila, ya yi saiwa, in raya miki ita shekara da shekaru har a samo namiji. Na iya, kin san na iya."

Na sani. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, gaskiya yake faɗa. Na ce, "To. Ranar Lahadi ka tashi a coci, gaban Mama da Mas Egbert da kowa, ka faɗi abin da na gani a yatsunka. Ka sauke mata wannan kayan daga kai. Litinin ka zo ka yanki reshen."

"Haba, Yaya, me tone-tone zai ƙara? Kashe ni za su yi. Ki ba ni tukuna, lokaci na wucewa, in ta yi nisa da fure ba za ta kama ba. Kin san Turawa neman irin wannan suke yi ido rufe? Mu sa mata sunan Mama, duniya ta san ta."

"Au, har ka yi mata ciniki."

"Ba haka nake nufi ba."

"Lahadi, Ranny."

Sai ya tsuke fuska, ya koma ainihinsa. "In na tashi, ke ma sai ki tashi. Ina kike ranar da kaji ke ci? Ba a gefena kike tsaye ba, bakinki a rufe? Ni na yi fito, ke kika yi kallo. Kada ki yi min wa'azi, Icilda."

Addar na hannuna. Ban san lokacin da na ɗaga ta ba. Na sare ta farko a gindi, ta faɗo ta kan shinge. Ya yi ihu ya ce na haukace. Na sare ta biyu, na sare ta uku. Ta huɗun ce ta fi tsayi, sai da na sara sau biyu. Ya durƙusa zai ɗauki reshe, na taka reshen, na ɗora masa bakin addar a kan yatsu. Na ce, "Taɓa, ka koma gida da hannu ɗaya." Ya dubi idona ya ga ba wasa nake ba. Ya tashi ya hau baburinsa. A ranar na rataye su a hayaƙin kicin, saura wata uku su nuna, ni da na yi shekara talatin ina yi masa gorin rashin haƙuri. Ba na neman kowa ya wanke ni. Abin da na sani, da ya ce "to", da yau Doguwa na tsaye.

Da suka bushe na kawo gida na dafa wa Mama da citta. Idonta ya riga ya dushe a lokacin, ba ta tashi daga gado sai an ɗaga ta. Tun kafin kofin ya kai bakinta ta damƙe hannuna.

"Icy, ina kika samo 'yata?"

"Na ɓoye tsohon iri, Mama. Na shuka a nesa."

"Da namiji?"

"Da namiji."

"Kin sussuka?"

"Na sussuka."

"Kawo min gwangwanin."

Na shiga kicin ban san abin da zan yi ba. Sai idona ya faɗa kan busasshiyar kuɓewar da na rataye don iri. Na farfasa, na zuba ƙwayar a gwangwanin, na ɗaure murfin da tsumma, na kai mata. Ta kai shi kunne ta girgiza. Ta sake girgizawa. Ba ta buɗe ba, kuma har yau ban san ko ƙarfi ne ba ta da shi ko kuwa ba ta so ta gani. Ta rungume shi a ƙirji ta ce, "Ashe ban kashe ta ba." Ta shanye shayin tas. Da na juya sai na ga Ransford a bakin ƙofa, ya kafe gwangwanin da ido.

Ganyen shuka huɗun nan ya kai ta har watan Maris, ta rasu kafin lokacin shuka ya zagayo. A wajen jana'iza Ransford ya fi kowa kuka, har sai da aka riƙe shi kada ya faɗa kabari. Mas Egbert ya bi ta bayan shekara biyu, yana nan a kan cewa idonta ne ya ci amanarta. Ba a sake yin gayya ba. Yanzu kowa da fitilarsa a akurki.

Ransford ya ji ƙarar gwangwanin nan da kunnensa, kuma ya yarda ina da wata gonar da bai gano ba, da namijinta, ina sabunta iri duk shekara. Ya bi bas ɗina a kan babur ya fi a ƙirga. Ya aiko fasto, ya aiko 'yan'uwanmu mata, ya taɓa turo min wani Bature mai gemu da littafin rubutu. Duk shekara bayan Kirsimeti, ranar da Mama ke rabon iri, yakan zo ya tsaya a tsakar gida daidai inda ya yi fito, gashinsa ya fara fari yanzu, hularsa a hannu.

"Yaya Icy, ƙwaya uku. Don darajar Mama."

"Lahadin nan fa, Ranny? Ka tashi a coci?"

"Waɗanda zan faɗa wa ai duk sun mutu."

"To ka makara."

Bana ma ya zo. Na sauko da gwangwanin daga kan kabad, na miƙa hannu ta taga, na girgiza masa sau uku a hankali don ya ji da kyau. Ya rufe ido yana saurare. Na mayar da shi wurinsa, na ja labule. Duk shekara nake zuba sabuwar ƙwaya a ciki, don tsohuwa in ta bushe da yawa ƙararta takan canza. Kuɓewar bana ta yi kyau.